Hannun da Baba Ya Ɗaure

Bahago aka haife ni, kuma ban taɓa neman gafarar kowa a kan haka ba. A Madarunfa na tashi, tun Nasara ba su iso ba, lokacin da ake zuwa gona da kwari da baka saboda mahara. Amma ni ba mahara suka ɗaure ni ba, mahaifina ne.

Tun ina rarrafe ya lura da hagu nake kai wa tuwo hari. Sai ya samo igiyar kaba ya riƙa ɗaure hannun a ƙuguna, ya wuni a haka. Ba mugu ba ne, gudun abin faɗa ne ya yi masa yawa. Kakanmu bai yi salla ba, Baba ne ya fara a gidanmu, don haka yana ganin idon gari duk a kansa yake. Ba zai yarda a ce ɗansa yana ci tare da Shaiɗan ba. Da na yi wayo aka bar igiya aka kafa mini doka: in an ajiye tuwo, in zauna a kan hannun, in danne shi da cinya har a suɗe akushi. Na koyi ci da dama, gaisuwa da dama, riƙon hauya da dama. Baba ya shiga gaya wa mutane hannun ya mutu.

Samari na shiga dambe don guɗar ƴan mata, wasu don a san su a garuruwa. Ni haushi ya kai ni. Akwai abin da ke tokare mini ƙirji, ban san sunansa ba, na dai san yana son fita. Na bi mahauta, masu abin, na naɗe hannun dama kamar kowa. Kaka bayan kaka ana zubar da ni. Har ƴan mata suka ce babu fagen da ban ɗanɗani ƙasarsa ba daga nan zuwa Safo, kuma ba su yi ƙarya ba.

Wani tsohon mahauci, wanda ke naɗa wa samari hannu, shi ya gano ni. Wata rana akuya ta faɗa wa shanyar wakenmu a bakin tabki, na suri hoge na jefe ta ban yi tunani ba. Ta yi kuka ta arce. Na juya sai na gan shi tsaye yana kallon hannun da ya yi jifar.

Ya ce, "Kai samari, wa kaka ruɗi? Mashinka na nan ga hagu, kai ko ka tsaya kana naɗin garkuwa."

A dambe hannun da aka naɗe shi ne mashi, buɗaɗɗen shi ne garkuwa. Ya kai ni bayan mahauta, ya rataye taiki cike da rairayi, ya ce in gwada. Dukan farko na ji shi har tafin ƙafata. Daɗi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, na yi ta dukan taikin nan ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Garinmu ba ya riƙe magana. Baba ya kira ni zaure.

Ya ce, "Na ji abin da kaka yi bayan mahauta. Damben ma haɗiye shi na yi. Amma ran da ka naɗe hannun ga gaban jama'a, kak ka sake sa hannu akushina."

Na ce, "Baba, wanda yay yi dama shi yay yi hagu."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

A gidanmu maza akushi ɗaya suke ci. Wanda aka ware wa ƙoƙo, to, ko baƙo ne ko mai ciwon da ake gudu. Na san abin da ya ɗora a gabana, kuma na ji tsoro.

Da aka gama ɗaurin gero ƴan damben garin Gabi suka zo. Da la'asar kalangu ya tashi, fage ya cika. Tsohon ya zauna da tsumma da zare a cinya, ya ce, "Wanne?" Na miƙa masa hagu. Shatin igiyar kaba na nan a wuyan hannun, ya dube shi, ya ɗora zare a kai ya ja da ƙarfi. Ina jin mutane suna ƙus-ƙus a bayana, ban waiga ba.

Wanda ya fito mini wani ƙato ne da ya taɓa kwantar da ni. Da ya ga hannun sai ya yi murmushi. Ya riga ni, ya sauke mini ɗaya a kunne, har yau kunnen nan yana yi mini ƙara in hadari ya haɗo. Ban faɗi ba. Garkuwarsa tana can tana tsaron dama, inda ya saba, ni kuwa na saki hagu. Ya yi taga-taga ya dafa ƙasa, shi ke nan an yi kisa, haka ake kiran kayarwa a dambe. Makaɗa suka kama kiran bahago, suka rako ni da kiɗa har ƙofar gidanmu, inda Baba ke zaune a kan buzunsa. Bai ɗaga kai ba.

Ran nan na tarar da tuwona a ƙoƙo, a gindin rumbu. Inna tana share hawaye da bakin zane, tana cewa in je in durƙusa. Na ce mata ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Na cinye tuwon tas. Shekaru na yi a gindin rumbun nan, ina jiyo ƙannena suna hira a bakin akushi, kuma abin yana yi mini ciwo kullum. Na kashe, an kashe ni, ban sake naɗe dama ba.

Wata damina kurkunu ya kama Baba a ƙafa biyu, ya kasa tashi ko alwala. Ƙannena suna gona, ni ke kusa. Na miƙa masa dama kamar yadda ya koya mini, ya kama, muka yi rabi ya sulluɓe ya koma. Sai na zura hagu ƙarƙashin hammatarsa na ɗaga shi cak. Ya riƙe hannun don kada ya faɗi, yatsunsa a kan shatin igiyar. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe bai mutu ba."

Na ce, "Bai mutu ba, Baba."

Da aka kawo tuwo, ya sa ƙafar da ta fi sauƙi ya turo akushi wajena. Na wanke hannu na matso. Da dama na ci, don ni ba mahaukaci ba ne. Amma ban zauna a kan hagun ba. Na ɗora shi a kan gwiwata, inda zai gan shi, har aka suɗe akushi.