Misɗarar da na gyara wa Ammi

Shekara shida na yi ina gangara barmil, wato gangar mai, a wani siton man riɗi kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, tun zamanin da jakuna ke jan ruwan sha cikin unguwanni. Daga Sudan na zo hajji, na sauke farali, na maƙale a unguwar Karantina har na yi aure. Bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kuma burina a duniya bai wuce in bar dako in zama mai awo ba.

Mai awon shi ne mai siton da kansa, kafilina da ya tsaya mini a takardun zama, wani dattijo mutumin Hadramaut da muke ce wa Ammi. Idan aka kawo gangar da ba ta cika ba, ni nake zura sanda ta bakinta in faɗa masa inda mai ya tsaya, in faɗi tsawo da faɗin ciki. Shi kuma sai ya zaro misɗararsa, wata rular katako mai launin zuma, tsawon kamu ɗaya, da harshe a tsakiya mai zamewa. Ya ja harshen, ya shafa da babban yatsa, ya ce galan kaza, kuma ko an juye man haka za a tarar. Mahaifinsa ne ya saye ta a Aden hannun wani ma'aikacin jirgi.

Ni kuwa, da wayona na ɗan dako, tuni na gano mata aibi. Daga ɗaya zuwa biyu za ka kwantar da yatsu huɗu, amma daga takwas zuwa tara ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Nan na yanke hukunci cewa kafintan Turawa ne katako ya ƙare masa, kamar yadda nake yi ina yaro, in fara rubutun allo da manyan baƙaƙe in ƙarasa a cushe.

Wata Alhamis harshen ya ƙi motsi, damshin teku ya kumbura shi. Ammi ya miƙo mini ita ya ce, "Ya waladi, ɗana, je ka da ita gida ka goga mata kyandir a cikin ramin harshen, halas, shi ke nan. Ranar Asabar in fara koya maka, idona ya gaji."

Har na isa Karantina ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na goga kyandir, harshe ya zame sumul, aiki ya ƙare. Amma wanda za a naɗa mai awo ai ba zai koma da aikin kyandir kaɗai ba. Bayan an sauko daga Juma'a na sami fasasshiyar kwalba, na zauna bakin ƙofa na kankare fuskar misɗarar tas. Na ninka zare na raba ta daidai wa daida, na dama tawada da ƙaro, na fiƙe alƙalami, na ba kowace lamba filinta ba cuta ba cutarwa.

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, wannan aka sa ka? Kar garin neman gira a rasa ido fa."

Na ce mata ta je ta duba tukunyarta, sha'anin awo sai wanda ya sani. Wallahi haka na ce, da wannan bakin nawa.

Ranar Asabar na miƙa masa da hannu biyu. Bai kai ta kusa da fuska ba, yatsa ya bi da shi daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, ya sake bi.

"Ina layukan?"

Na gyara tsayuwa na yi masa bayanin kuskuren kafinta dalla-dalla. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce cushewar nan da na gani ita ce lissafin. Don ita ne idan ka jera tsawo biyu sai su ba ka ninki, in babu ita sanda ce kawai ta awon yadi. Ya juya ta a hannu.

"Shekara uku ke nan ban ga lamba ko ɗaya a jikinta ba, ya waladi. Da farce nake bin zanen da ke cikin katakon. Ko 'ya'yana ba su sani ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da zagina ya yi da na ji sauƙi, amma ko murya bai ɗaga ba. Bai kore ni ba, da lokacin sabunta iƙamata, takardar zama, ya yi ma ya sa hannu. Koyarwa dai ba a sake zancenta ba, don babu abin da za a koya da shi, kuma ko an samo sabuwa yatsansa bai san ta ba.

Cikin mako biyu aka ɗauki wani Ba'indiye mai littafin jadawali, aka sa wa Ammi kujera a bakin sito. Shekara tara na ƙara ina gangara barmil ta gabansa, ina jin sa yana tambayar Ba'indiyen nan galan nawa ne a cikin gangar sitonsa.