Yadda Son Taɓo Ya Kai Ni Gidan Yari

Samari, ku matso ku ji. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi a aljihu. Abin da nake so ku sani shi ne, kafin in zama ɓarawon mota ni mutumin kirki ne, har iyaye suna yi wa 'ya'yansu misali da ni. A zangon Kumasi aka haife ni. Ina saurayi muka biyo mahaifinmu Manchester, ni da mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, da ƙanwata Asma'u. Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa, gida ya dawo wuyana. Muna zaune a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a Old Trafford, ina aikin lodin kaya a wani babban sito na 'yan sari a Cheetham Hill. Bas ce ke kai ni, bas ce ke dawo da ni. Ba na shan komai, ba na caca, sahun gaba nake samu ranar Juma'a.

A wurin aiki na yi aboki, Kabiru, haifaffen nan ne amma iyayensa Kanawa. Hausarsa rabi Turanci ce. Wata Lahadi ya ce, "Zo mu je ka ga something, wallahi za ka yi dariya." Ya ɗauke ni a wata tsohuwar jif mai manyan tayoyi, muka fita bayan gari har wani tsohon wurin fasa dutse da aka mayar filin wasan motoci. Ka biya kuɗin shiga, ka yi ta faɗawa ramuka yadda ranka yake so. Na ga manyan mutane, masu furfura, sun yi butu-butu da taɓo suna ƙyaƙyata dariya kamar yaran da ruwan farko ya sauko wa.

Kabiru ya ba ni sitiyari. Ya ce in sa ƙaramar giya, in bar motar ta yi aikinta. Muka fuskanci wani tudu da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Ba na ganin komai ta gilashi sai sama. Motar ta yi gurnani, ta karkace, ta dafe, sai ga mu a bisa. Na yi ihu da Hausa, Turawan da ke wurin suka tafa mini. A ranar na kamu, kuma ban ga laifin kaina ba har yau, don wasan nan halal ne. Abin da na ɗora masa ne haram.

Na yi ta tari har na sayi tawa, tsohuwa, koriya, mai yoyon mai kamar ƙwaryar da ta fashe. Da Mma ta leƙo ta taga ta gan ta, sai ta ce, "Wannan mota ce ko kejin kaji?" Duk Asabar ina ƙarƙashinta. Na ɗaga ta sama da dogayen sifirin, na sa mata tayoyi masu haƙora, na jera fitilu a kan rufi, na cire salansa don in ta taho a san ta taho. Tayoyin suka fito waje da bodi har suna watsa wa masu tafiya a ƙasa ruwa.

A ƙasar nan kuwa, mota ba ta hawa titi sai da abu uku: inshora, da haraji, da gwajin lafiyarta na shekara-shekara da ake kira MOT. Ko hanyoyin ƙauye marasa kwalta da aka halatta wa irin motocinmu, doka ta ce titi ne, sai mota mai cikakkun takardu. Kabiru ya kiyaye wannan. Tasa ma a ɗage take, amma ya sa wa tayoyinsa faffaɗan marfi, fitilun samansa ba ya kunna su a titi, yana wanke lambar motarsa kafin ya bar fili, kuma duk abin da ya canja sai ya buga wa 'yan inshora waya. Ya ce mini, "Mate, ka gaya musu ka ɗaga ta. In ka yi accident ba za su biya ba." Na ce masa wanda bai tambaya ba ai ba ya son amsa.

Ƙaryata ta farko ke nan, ƙarama, ta yin shiru. Ta biyu kuwa, da lokacin MOT ya zo, na aro ƙananan tayoyi da salansa na ɗaura, motar ta je ta ci gwaji kamar ta Allah, da yamma na mayar mata da haƙoranta. Na yi ta ba da labarin ana dariya, ina jin ni ne mai wayon Manchester.

Shekara ta zagayo, taɓo ya ci birki, tsatsa ta ci ƙarfen ƙasa. Wannan karon aron taya ba zai yi ba. Wani a filin wasa ya raɗa mini sunan Gaz, wani bakanike a Birmingham mai gareji a bayan wasu tsofaffin masana'antu. A lokacin Asma'u tana karatun aikin jinya a jami'a a Edgbaston, can cikin Birmingham ɗin, sai na ce wa Mma zan kai mata shito, yajinmu na Ghana, da garin kenke. Na kai mata kuwa, sannan na zarce wurin Gaz. Ƙaton mutum ne mai fara'a, hannunsa kullum da kofin shayi. Ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba, ya miƙo mini takardar shaidar ta ci gwaji. Ya ce, "Kyakkyawar mota. Amma tana bukatar winch." Wato na'urar nan mai igiyar ƙarfe da mota ke jan kanta da ita in ta kafe. Ya ɗauko wata sabuwa fil daga bayan labule, ya faɗi kuɗin da ko wawa ya san ba daga kanti ta fito ba. Na saya. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Daga nan hanyar Birmingham ta zama tawa. Asma'u har ta fara cewa, "Yaya, wannan zumunci naka ya yi yawa, ko dai akwai wata a garin nan?" Ni kuwa ina can ina koyon sana'ar banza. Gaz yakan sayi jif da ta mutu a wurin 'yan gwangwan, don takardunta da lambar da ke jikin ƙarfenta. Sai a samo mai rai irinta, a cire mata tata lambar a manna mata ta matacciyar, a yi mata sabon fenti. Da farko fenti kawai nake yi. Daga baya na zama mai kai mota wurin mai saye. Wata rana ya ce, "Kai da ka san motocin nan ciki da waje, me ya sa za mu riƙa jiran wasu su kawo?" Tsofaffin jif ɗin manoma ba su da wuyar buɗewa, kuma manoman ma ba su cika kulle su ba.

Ranar kasuwar tumaki nake zuwa ƙananan garuruwa, da rana tsaka, sanye da takalmin roba da hular manoma. Ku yi tunanin baƙin mutum ɗan Kumasi yana ƙoƙarin sajewa da manoman Ingila! Amma hankalin kowa yana kan tumaki. Na ɗauki ta farko ina waige-waige, ta biyu ina fito. Na daina zuwa aikin sito. Na daina haɗa ido da Kabiru. Ranar da ya ga sababbin kaya a motata ya tambaye ni inda na samo, na yi masa tsawa. Ya ce, "Allah ya kyauta, bro," bai ƙara kirana ba.

A irin wannan kasuwa na ɗauko wata shuɗiya mai lafiyar inji, har na ji ba zan iya sayar da ita ba. Na yi mata baƙin fenti, na manna mata lambar tsohuwar koriyata wadda tsatsa ta riga ta gama da ita, na ɗaga ta, na mayar da ita tawa.

Bayan 'yan watanni na fita da ita ni kaɗai kan tsaunukan da ke tsakanin Manchester da Birmingham. Ina bin halattacciyar hanya, sai na hango wani fili kore shar a gefe, ƙofarsa a buɗe, da allo an rubuta ba a shiga. Na ce bari in ɗan zaga in fito. Ashe fadama ce ciyawa ta rufe. Motar ta nutse har ƙofa. Na jawo igiyar winch, babu ko bishiya ɗaya da zan ɗaura. Na tsaya cikin taɓo har gwiwa, tumaki sun kewaye ni suna kallo.

Can sai ga tarakta. Wata tsohuwar Baturiya ce ke tuƙi, 'yar ƙarama, da baƙin kare mai farin wuya a gefenta. Na shirya shan zagi, amma sai ta yi dariya ta ce ba ni ne na farko ba. Ta ɗaura sarƙa ta fizgo ni waje kamar ana cire ƙaya. Na buɗe ƙofa ina ta godiya, sai karen nan ya yi tsalle ya shige motar, ya haye kujerar gefen direba, ya juya sau biyu ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan taga. Ni da ba na son kare ya taɓa mini tufafi, na koma gefe ina "Kai! Fita!" Ko kallona bai yi ba.

Tsohuwar ta sauko daga tarakta. Ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta shafa wani wuri a jikin kujerar da haƙoran kare suka tattauna. Sannan ta ce, "Ka jiƙe, ɗana. Zo gida ka sha shayi." Na bi ta, don ban ga abin tsoro ba. Ta ba ni tawul, ta ba ni shayi da kek mai zabibi, har ta tabbatar mini babu naman alade ko giya a ciki. Ta shiga ɗaki ta yi waya, na ɗauka 'yarta take kira. Ina cikin yanka na biyu motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Motar mijina ce. Shekara guda ke nan da rasuwarsa. Karen nan bai taɓa shiga motar kowa ba sai tasa." Ta ƙara da cewa in cinye kek ɗin, don ba ta san abin da za su ba ni a can ba.

Yanzu ina ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Amma a ranar, maganar mijin nan ta fi ankwa yi mini nauyi. Ban taɓa tunanin motocin da nake ɗauka suna da masu su ba.

Bincike ya kai ga garejin Gaz, aka kwashe mu duka. A kotu injiniyan da ya duba motar ya ce yadda na ɗaga ta da yadda birkinta yake, ikon Allah ne kawai ya hana ta kifewa a babbar hanya. A cikinta kuwa na sha ɗaukar Mma zuwa wurin likita. Na amsa laifina, alƙali ya aika ni gidan yari.

Ba zan cika ku da labarin can ba. Abinci ba gishiri, ƙofa ba mariƙin buɗewa ta ciki. Asma'u ta gama karatu ba na nan, sai hoto aka kawo mini. Ita ta riƙe gida da albashinta na farko. Mma ta zo ziyara, ta zauna ta dube ni ta ce, "Na ce wa mutanen masallaci ka yi tafiya, sai na tuna ƙarya ce ta kawo ka nan. Na koma na gaya musu gaskiya." Wannan ta fi hukuncin alƙali shiga jikina. A can na yi kwas na gyaran mota na samu shaida, na kuma rubuta wa tsohuwar nan na nemi gafara.

Ranar da na fito, Kabiru na tarar a bakin ƙofa da jif ɗinsa. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, "Shiga, ka rame, man." Shi ya tsaya mini na samu aiki a wani shagon taya a Cheetham Hill, inda nake har yau. Sai da na daɗe kafin in sake mallakar mota, don mai tarihi irin nawa inshora ba ta yi masa da sauƙi. Wadda nake da ita yanzu a ɗage take, tana da haƙora, amma duk ƙusar da ke jikinta an san da ita. Bara ta faɗi MOT saboda ƙwan fitila da robar birki, na gyara na mayar, na fito ina murna kamar an ba ni sarauta.

To samari, ga abin da zan ce muku. Ku yi wasan taɓo, yana da daɗi, yana wanke zuciya. Amma ku yi shi inda aka yarda, kada ku shiga gonar mutane. Abin da kuka canja a mota ku faɗa wa inshora. In tayarku ta fito waje ku rufe ta. In mai gwaji ya ce motarku ba ta da lafiya, ku gode masa, ranku yake tsarewa. Kayan da arharsa ta ba ku mamaki, ku bar shi a inda kuka gan shi, akwai mai kuka a bayansa. Ni ban tashi da safe na ce yau zan zama ɓarawo ba. Shiru ɗaya na yi wa 'yan inshora, daga shi sauran suka biyo.

Bayan Sallar da ta wuce na lallaɓa Mma ta bi ni filin wasa. Ta ɗaure bel, ta riƙe carbi, muka gangara wani rami ruwan taɓo ya rufe gilashi. Ta yi ta salati har muka fito ɗaya gefen. Na tsaya na ce ko in mayar da ita gida. Ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, "Takardunka dai sun cika ko?" Na ce sun cika, Mma. Ta ce, "To koma mu sake."