Fitilar da Kawu Ke Zurawa a Rijiya

Shekarar da na gama karatun malanta na dawo ƙauyenmu kusa da Maikujera, kaina ya fi ƙarfin hulata. Duk abin da ban gani a littafi ba, camfi ne.

Da bazara rijiyar bayan gidanmu ta ja baya, laka kawai guga ke kwasowa. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ke yashe ta kowace shekara, kuma ba ya sauka sai ya kunna fitila ya zura ta da igiya har ƙasa. Mata na cewa sallama yake yi wa masu rijiya. Ni kuwa dariya nake yi masa a bayan ido.

Ranar da muka sa za a yi aikin, Kawu ya tafi kasuwar Gandi. Yayana ya ce mu jira shi.

Na ce, "Mi za mu jira, Yaya? Babu kowa cikin rijiyag ga, ni na karanta."

Yaya bai yi boko ba, kuma yana ganin girman takardata. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ni da maƙwabta biyu muna riƙe.

Ya aiko da laka guga biyu. Muka mayar da guga, shiru. Na kira shi, muryata ce kawai ta dawo. Sai igiyar ta yi nauyi a hannuna, irin nauyin buhun gero. Ban taɓa jin tsoro kamar na wannan lokacin ba. Muka ja, muka ja, tafin hannuna na saɓulewa. Ya fito kai a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi. Matarsa ta kurma ihu. Aka yi ta zuba masa ruwa ana fifita, da ƙyar ya ja numfashi.

Kawu ya dawo da la'asar. Bai yi mini faɗa ba. Ya kunna fitila, ya miƙo mini igiyar. Ina zurawa harshen wutar na ƙanƙancewa, kafin ta kai laka ta mutu. Nan na tuna darasin gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a rami mai zurfi. Har jarrabawarsa na ci.

Na ce, "Kawu, ashe kun san mugunyar iska ta?"

Ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Tun ba a haihe ka ba nika shiga wagga rijiya, har yau ban san abin da ta kwana da shi ba. Shi ya sa nika aiken hitila ta gano man."

Na shiga ɗakin Yaya, ina jiran ya zage ni. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Malam, mi yas same ni can ƙasa? Gaya man, kai da ka karanta."