Da Sauƙi

Shekarar da korona ta kulle mu a gida, wasu likitoci masu bincike suka buɗe wa unguwarmu ta Soron Ɗinki zaure a waya, suna son sanin yadda cutar ke kama mutane. Aka naɗa ni shugaba, wai don na taɓa koyarwa. Nan take na cire hotona na sa wanda nake sanye da tabarau.

Sai dai duk wanda likitar da ke kula da mu ta tambaya ya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Wani dattijo mai wankin hula a Jakara ya turo murya yana tari kamar ransa zai fita, ya rufe da cewa jiki da sauƙi. Likitar ta ce mini in haka za a tafi za su rufe zauren, mu rasa gwajin da ake bin mu da shi har gida. Raina ya ɓaci. Na zage na yi wa jama'a huɗuba a kan faɗar gaskiya, har da Turanci na tsarma.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni. Ranar da muka haɗu ta bidiyo, rabin unguwa na kallo, na jingina da bango na gyara hula.

"Malam, ya jikinka?" in ji likitar.

Wallahi na shirya faɗa. Amma idon mutane na kaina, sai na ji kunya, kamar zan kai ƙarar Ubangiji.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Mai ɗakina tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta miƙo hannu ta karɓe wayar.

"Likita, ki yi haƙuri. Ko loma ba ya iya haɗiya. Jiya wake ya ƙone har maƙwabta suka yi magana, shi yana kusa da murhu bai ji ƙauri ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Can sai dattijon nan ya yi gyaran murya.

"To, tunda Malam ma haka yake, ni ma turarena ya daina ƙamshi."

Daga nan bakuna suka buɗe. Da aka zo gwaji washegari, dattijon aka fara ɗauka zuwa asibiti, ni na biyu. A motar ya dube ni yana numfashi da ƙyar.

"Malam, ya jiki?"

Na ce masa babu sauƙi, Baba.