Fayil uku a Akokan

Mun tashi daga Damagaram ana kiran asuba, ni da wani abokin aikina da ya fara minshari tun kafin kar, wato bas ɗinmu, ta bar tasha. Taubashina ne ya kira ni Akokan, kusa da Arlit, don ni malamin kwamfuta ne. Shekara da shekaru yana ramin uranium, da aka rufe ramin ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Ya rubuta wa masu lambu wani shafi da ke nuna ranar da kowa zai sha ruwan famfo, saboda rikicin layi ya ishe su. Ranar Juma'a zai nuna musu, in bai yi ba su koma wa tsohon allonsu, su kuma yi masa dariya har jikoki.

Rabona da hanyar nan tun zamanin tawaye na biyu, lokacin da ba a wucewa sai da rakiyar soja, kowa na rububin aikin ma'adinai. Bayan Agadas gudoron, wato kwaltar hanya, ya zama tarihi. Akwai ramin hanya da muka shiga da hantsi, ban ga mun fito ba sai azahar. Na sayi cuku na jika guda, na tauna shi har Arlit, haƙorana biyu suka nemi sallama.

Na iske taubashin nawa ya rame. Da aikin nasa fayil ɗaya ne mai tsawon igiyar rijiya, sai ya raba shi uku: ajin Manomi mai riƙe bayanan kowane mai lambu a ɗaya, aikin lissafin ranaku a ɗaya, na ukun ya haɗa su. Tun ranar shafin ya koma fari fat.

Da na duba sai da na ƙware da shayi. Ya rubuta import yana kiran Manomi daga wancan fayil, amma bai sa masa export ba. Na ce masa abin da ba a ba takardar fita ba ba ya barin fayil, kamar ƙofar ma'adinai. Muka gyara. Muka sa type="module" a shafin, muka ta da ƙaramar saba, wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafi, a kwamfutarsa, tunda burauza ba ta yarda da wannan tsari in an buɗe fayil kai tsaye. Na miƙe ƙafa, na ce a kawo nama.

Shafi fari fat.

Awa biyu ina zufa ina zagin burauza. Shi kuwa ya jawo kujera, ya ɗora yatsa a kan gilashi, yana karanta layi ɗaya ɗaya da ƙarfi, yadda suke bin fitila da hular kwano kafin a sauka rami. A layi na biyu ya tsaya.

"Bawana, ina .js ɗin da ke ƙarshen sunan fayil? Ko a hanya ka cinye shi da cuku?"

Ni na goge shi da hannuna lokacin da muke gyara. Ya mayar, sai ga sunayen manoma reras.

Ranar Juma'a wani dattijo ya leƙa ya ga ranarsa Talata ce, ya yi gardama da mu, da kwamfuta, da Talatar kanta, sannan ya yarda. Suka karɓa.

Na dawo gida lafiya, ƙugu ne kawai ke ƙara. Ɗalibaina yanzu da yatsa suke karanta layi, kuma na gaya musu a wurin wa na koya, ko da yake hakan ya ci mini rai.