Ajin da Aka Rufe Mana a Ƙofa

An rufe mana aji saboda tsegumin maza, kuma har yau ban yafe ba. Duk mai son in yafe, ya fara dawo mini da matan da aka kwashe.

Sai da furfura ta fara leƙo mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bebeji. Da na gama, aka turo ni Ƙofa in koya wa matan aure karatu a wani tsohon zaure, bayan azahar, in sun sauke taɓarya. Cikinsu akwai wata mai sayar da koko, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ba ta da yawan magana, amma in ta riƙe alli kamar za ta huda allo.

Ranar nan muka zo kan haɗa mutum biyu a jimla ɗaya. A baki duk sun iya, amma wajen rubutu sai su manta da na farko. Wata ta rubuta, "Kaza da zakara ya shiga akurki." Na ce, "To ita kazar fa, muzuru ya ɗauke ta? In biyu suka haɗu, sun ake cewa. In kuwa ke ce da wani, mun." Aka yi dariya. Na ce kowacce ta fito babban allo ta rubuta kanta tare da wani nata.

Yaya ba ta tashi ba. Ɗanta na fari ya tafi haƙar kuza Riruwai, shekaru ba labari. A wurinmu kuwa uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". Ta jawo gefen zanena, ta ce, "Malama, abin da baki ba ya faɗa, hannu yana iya rubutawa?"

Na ce, "Kunya a baki take, Yaya. Alli ba ruwansa."

Maƙwabciyarta ce ta raɗa mini sunan. Muka je babban allo, na riƙe hannun Yaya muka bi baƙi ɗaya-ɗaya. Ta rubuta ita da shi, ta sa "mun ci tuwo". Ta koma ta zauna tana kallo, ba ta yi kuka ba. Da aka tashi ta roƙe ni kada in goge, na bar mata.

Wani mai awon gyaɗa da ya iya boko ya leƙa zauren ya karanta, ya kai maganar dandali. Kashegari dagaci ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Baiwar Allah, karatu aka ce ki koya musu ko fitsara? Yau sunan ɗan fari, gobe na miji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan da ta haifa ne. Ba satarsa ta yi ba."

Ya ce, "Kin ji bakin ko?" Dattawan da ke zaune suka gyaɗa kai. A nan aka yanke a rufe zauren, kowa ya tsare matarsa a gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya. Masu sayen koko suka riƙa tsokanarta: "Mai koko, an ce kin haddace sunan ɗanki, ki ja mana baƙi mana!" Ta kife tukunya, ta daina fitowa. Shi kuwa yaron bai dawo ba, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Dagaci zaure ya rufe, bai ce komai a kan bango ba. Tun a kwanakin da ta daina fitowar, da gari ya waye na tsinci gawayi a murhu, na ƙulle a bakin zane, na nufi gidan Yaya. Na same ta a bayan rumbu, na miƙa mata gawayin, na nuna mata bango, na ce, "Tashi. Daga baƙin farko za mu sake."