Mu Biyu a Zangon Geza

Ƙungiyar sikawut ta makarantarmu a Bagudo ta girme ni nesa ba kusa ba. Malamin da ya kafa ta ya zo garin yana saurayi, amma sa'ad da na shiga hannunsa gemunsa ya yi fari. Baba Malam muke ce masa. Shi ya koya mana ƙulle-ƙullen igiya, da ɗaure rauni, da yadda ake ciro mutum daga ruwa ba tare da ya nutsar da kai ba. Ranar kasuwar Lolo mukan tsaya bakin kogi cikin kakinmu, mu riƙe hannun tsofaffi suna sauka daga kwalekwale, mu ɗaukar musu kaya. In aka miƙo mana wani abu, sai mu yi godiya mu ƙi karɓa. A kan haka ya ɗora mu: a taimaki mutum ko ba a san shi ba, kuma kada a yi ƙarya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, iyaye suka fara magana a kan gajeren wandonmu, wai ba ya rufe gwiwa. Baba Malam ya ce gaskiyarsu ce, ya kai mu wurin tela aka ɗinka mana dogaye. Duk da haka yara suka riƙa zarewa. Wasu suka koma cikin 'yan agajin masallaci. Manyanmu kuwa suka samu babura suna jigilar jarkokin mai zuwa tsallaken iyaka. Abokina da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layi, mahaifinsa ya kwashe iyalinsa suka koma wurin danginsu a ƙasar Benin. Ban ma san ranar da suka tashi ba. Na je kiransa ne na tarar da gidan a kulle.

Duk shekara, bayan an girbe gero, mukan yi zango a wani fili kusa da Geza. A waccan shekarar na yi sammako zuwa makaranta da tabarmata da sandata. Baba Malam na zaune gindin dalbejiya, tanti a naɗe gefensa. Muka yi ta jira har rana ta ɗaga, ba wanda ya zo.

Na ce, "Baba Malam, ko mu koma gida?"

Ya ce, "Kai ba ka taho ba? Ni ban taho ba? To mi muke jira? Ɗauki tanti, ɗana."

Motar kasuwa muka hau. Da muka isa, kafa tantin ya ba mu wuya, don ba na mutum biyu ba ne. Ina jan wannan gefe wancan na faɗuwa. Da muka gama sai ya busa usur. Na tsaya a layi ni kaɗai, ya zagaya ni yana duba maɓallan rigata da ɗaurin wuyana kamar filin cike yake. Na sara masa, ya sara mini. Babu abin da ake ji sai iska cikin karan gero.

Da la'asar wata Bafulatana ta zo ɗauke da 'yarta, kututturen kara ya tsaga wa yarinyar tafin ƙafa. Baba Malam ya ɗauko bandeji. Ya miƙo mini ya ce in yi. Na wanke raunin da ruwan gishiri, yarinyar na kuka, na ɗaure yadda aka koya mini. Matar ta leƙa cikin tanti ta ce, "Ina sauran yaran? Bara daga rugarmu muke jin waƙarku."

Ya ce, "Sun girma, inna."

Bayan magariba muka zauna da tukunyar shinkafa wadda ta fi ƙarfinmu. A nan ya gaya mini cewa wannan ne zangonsa na ƙarshe, zai yi ritaya ya koma ƙauyensu. Matarsa ta rasu da jimawa, 'ya'yansa duk suna Sakkwato. Ya ce, "Gida shiru gare shi, ɗana. Shi ya sa nike son zango." Na tashi na ƙara masa ruwa a buta.

Bayan tafiyarsa na ci gaba da zuwa makaranta ranar Asabar cikin kakina. Nakan share wurin faretinmu, in zauna har azahar, ko wani zai leƙo. Babu malamin da ya karɓi ƙungiyar. Da damina ta faɗi mahaifina ya buƙace ni a gona, sai na daina zuwa.

Ina karatu a Birnin Kebbi wani direban garinmu ya gaya mini a tasha cewa Baba Malam ya rasu tun kafin azumi. Ya faɗa ne yana ɗaure kaya a kan mota. Na yi masa addu'a a tsaye a wurin, sannan na koma makaranta a ƙafa. A cikin abokan karatuna babu ko ɗaya da ya san shi, balle in yi masa ta'aziyya ko ya yi mini.